Hanya kafin masauki: yadda muka isa tsibiran Maldif da yadda muka zaga su

Lokacin da muka fito daga zauren masu isowa na filin jirgin saman Velana, muka tura kayanmu 'yan taku kaɗan, abin da muka tarar a gabanmu teku ne, ga kuma jiragen ruwa jere a bakin gaɓa, kowanne da ma'aikatansa riƙe da allon sunan masaukin da suka zo ɗaukar wa baƙi. Ranar wata Alhamis ce da la'asar, ni da maiɗakina, a hannuna kuma akwai takardar shaidar kama ɗaki na kwana huɗu a tsibirin Maafushi. A nan ne na gane cewa na biya kuɗin ɗaki tun muna Kano, amma ban taɓa tsayawa na bincika abin da zai ɗauke mu daga filin jirgin ya kai mu ƙofar ɗakin ba. Wakilin tafiye-tafiyen da ya yanka mana tikiti ya gaya mini cewa akwai jirgin fito mai araha, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai bai gaya mini cewa jirgin yana barin Male, babban birnin ƙasar, da misalin ƙarfe 3 na rana ba, alhali a daidai lokacin ne jirginmu yake sauka, bai kuma gaya mini cewa ranar Juma'a jirgin ba ya fita ko kaɗan ba.

Maiɗakina ta dube ni ta ce, "Maigida, yanzu ina muka nufa?" Na ce mata, "Ki yi haƙuri, bari in tambaya tukuna." Daga wannan tambayar ne na fara koyon abin da na ke son rubutawa a nan, wato cewa a ƙasar Maldif, wadda ake rubutawa Maldives a jikin tikiti, hanya ita ce ke zaɓa wa mutum masauki, ita ce ke yanke masa yawan abin da zai kashe, kuma teku da hasken rana da ranar Juma'a su ne masu riƙe da jadawalin tafiya.

Dalilin haka yana cikin yadda Allah ya tsara ƙasar. Tsibirai ne kusan 1,200 a cikin tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya da Siri Lanka, waɗanda suka taru rukuni-rukuni a cikin zobba 26 na duwatsun murjani. Kowane zobe ana kiransa atol, kalmar da sauran duniya ta ara daga harshen mutanen ƙasar, wato Dibehi. Tsibiran da mutane ke zaune a cikinsu ba su kai 200 ba, kuma mafi yawansu mutum zai iya zagaya su a ƙafa kafin shayi ya huce. Amma idan aka auna ƙasar daga arewa zuwa kudu, tsawonta ya haura kilomita 800, kusan nisan Kano zuwa Legas a miƙe. Ke nan ƙasa ce mai tsawo wadda kusan dukkanta ruwa ne, kuma filin jirgin saman da yawancin baƙi ke sauka shi kansa yana kan tsibirinsa na daban mai suna Hulhule. Saukar mutum a Velana rabin isowa ce kawai.

Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya kai tsaye zuwa Male. Mu ta Doha muka bi da jirgin Qatar Airways, wanda ya fara zuwa Kano a shekarar 2022, kuma tsakanin Doha da Male tafiyar ta kusa awa biyar. Wasu suna bi ta Dubai, wasu ta Istanbul. Agogon Maldif yana gaba da namu da awa huɗu, don haka wanda ya baro gida ranar Laraba zai iya samun kansa a yammacin Alhamis ba tare da ya lura da inda yinin ya shige ba. Abin da ya fi kwantar wa ɗan Najeriya hankali shi ne batun biza, domin ana ba wa baƙi izinin zama na kwana 30 kyauta a filin jirgi, muddin suna da fasfo mai aiki, da tikitin komawa, da shaidar kama ɗaki a masaukin da hukuma ta yi wa rajista. Akwai kuma fom na intanet mai suna IMUGA, wanda ake cikewa kyauta cikin awa 96 kafin isowa, sannan tunda ƙasarmu tana cikin waɗanda ake samun cutar shawara, dole ne mutum ya riƙe katinsa na rigakafi. Jami'in shige da fice da ya duba mu ya nemi katin kafin ya nemi komai. Kwastam kuwa ba sa barin a shigo da giya ko naman alade ko gumaka, kasancewar ƙasar ta Musulmi ce tun shekarar 1153. Kuɗinsu rufiya ne, farashin hukuma rufiya 15.42 a kan dala ɗaya, kuma ana karɓar dala a yawancin wuraren baƙi, amma takardar da ta yage ko ta tsufa sai a mayar wa mutum abinsa.

A wannan yammacin an nuna mana cewa akwai ƙananan jiragen ruwa masu gudu na 'yan kasuwa da ke zuwa Maafushi har bayan magariba, kuma akwai gurbi a na dare. Na yi shawara da maiɗakina, muka ga cewa mutanen da ba su taɓa hawa teku ba, waɗanda suka kwana suka wuni a hanya, bai dace su fara sanin teku a cikin duhu ba. Muka haƙura da kuɗin kwana ɗaya da muka riga muka biya, muka shiga tasi zuwa Hulhumale, wanda bai wuce tafiyar minti 15 ba. Hulhumale tsibiri ne da aka gina da hannu, an fara cike teku da yashi a 1997, aka buɗe shi ga mazauna a 2004 domin rage cunkoson babban birni, kuma yau cike yake da ƙananan masaukai waɗanda babbar sana'arsu ita ce karɓar irinmu, waɗanda suka sauka a makare ko suke da jirgin asuba.

Washegari da hantsi muka haye gadar Sinamale zuwa Male. An buɗe gadar ce a watan Agusta na 2018 da tallafin ƙasar Sin, kuma kafin ta, duk wanda ya sauka a filin jirgi, ko shugaba ne, sai ya shiga jirgin ruwa kafin ya taka babban birnin ƙasar. Male ƙaramin tsibiri ne da bai fi murabba'in kilomita biyu ba, amma an cika shi da dogayen benaye har bakin ruwa, lungunansa kuma babura ne suka mamaye su, ta yadda mai tafiya a ƙafa sai ya riƙa raɓe bango. Na yi sallar Juma'a a babban masallacin nan mai ƙubba ruwan zinariya wanda aka buɗe a 1984, na kuma leƙa tsohon masallacin Hukuru Miskiy da ke kusa da shi, wanda aka gina da sassaƙaƙƙen dutsen murjani a 1658. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne alƙibla. Mu da muka tashi muna kiran alƙibla gabas, har ma mukan ce mutum ya dubi gabas idan ana nufin ya yi salla, a can sai ga liman ya fuskanci arewa maso yamma, domin Makka ta koma wancan ɓangaren. Tun kafin azahar gari ya yi tsit, shaguna suka rufe, tashar jiragen ruwa ta zama kamar an share, kuma a nan na fahimci cewa rashin fitar jirgin fito ranar Juma'a wani yanki ne na yadda mutanen suka tsara makonsu, wanda hutunsa Juma'a da Asabar ne.

Bayan an sauko daga masallaci jiragen 'yan kasuwa suka dawo aiki, muka shiga namu. Kuɗin kujera dala 25 ne ga kowane mutum, kuma mai masaukinmu ne ya kama mana gurbi ta WhatsApp, wanda shi ne yadda ake yi a kusan dukkan tsibiran, domin masu masaukai sun san jirgin da zai tashi da wanda aka soke. Jirgin rufaffe ne, mai manyan injuna a baya, da kujeru a jere kamar na bas, an jibge akwatuna a gaba, an kuma ba kowa rigar kariya. Muna cikin tashar ruwan kwance yake kamar an shimfiɗa tabarma, amma da muka fita muka shiga mashigin da ake kira Vaadhoo Kandu, wanda ya raba zoben Male ta Arewa da na Male ta Kudu, sai launin ruwan ya rikiɗe daga kore-kore zuwa shuɗi mai duhu, jirgin ya fara tashi sama yana faɗowa da ƙarfi har sai mutum ya ji a ƙashin bayansa. Maiɗakina ta damƙe hannuna tana karanta addu'ar hawa abin hawa, wadda ta riga ta karanta tun a tasha. Wani matashi cikin ma'aikatan jirgin ya lura da fuskarta, ya zo yana dafa kujeru, ya yi mata alama da hannu cewa ta koma kujerar baya, ya miƙa mata leda da ruwan sha, ya nuna mata cewa ta kafa idonta a inda sama ta haɗu da teku. A baya jijjigar ba ta kai ta gaba ba, sai dai ƙarar inji da warin fetur. Da muka tsallake mashigin muka shiga cikin zoben, ruwan ya sake kwanciya nan take, kuma cikin abin da bai kai minti 45 ba muka ga itatuwan kwakwa na Maafushi. Daga ranar na koyi duba taswira da wani ido, domin abin da ke nuna wuyar tafiya shi ne yawan mashigan da za a tsallaka tsakanin zobe da zobe, fiye da yawan kilomita.

A cikin tsibirin kansa babu maganar abin hawa. Tsawon Maafushi ya ɗan haura kilomita ɗaya, titunansa yashi ne fari wanda ake sharewa da safe, kuma yaron masauki ne ya ɗora kayanmu a kura ya tura, muna biye da shi a ƙafa.

A nan ya kamata in bambance iri biyu na masauki, domin kowanne da hanyarsa da kuɗinsa. Tun da aka buɗe otal ɗin shaƙatawa na farko mai suna Kurumba a 1972, tsarin ƙasar shi ne tsibiri ɗaya, otal ɗaya, babu gari a cikinsa, babu mazauna in ban da ma'aikata. Sai a 2009 ne aka ba mutanen gari damar buɗe masaukan baƙi a tsibiran da suke zaune, kuma Maafushi na cikin waɗanda suka fara cin gajiyar wannan dama. Wanda ya sauka a tsibirin mutanen gari yana da zaɓi, ko jirgin fito na gwamnati, ko jirgi mai gudu na haɗaka, ko ya yi shatar nasa. Yana jin kiran salla sau biyar, ba a sayar da giya, kuma masu son shiga ruwa da irin shigar Turawa an keɓe musu wani yanki na gaɓa da shinge, abin da ya sa iyali irin namu ke samun natsuwa. Wanda kuwa ya kama ɗaki a tsibirin otal ba shi da zaɓin komai, domin jirgin fito ba ya tsayawa a can, jirgin haɗaka ba ya zuwa, otal ɗin ne kaɗai zai ɗauko shi, a farashin da ya yanke. Wannan kuɗin ɗauko sau da yawa ba ya cikin farashin ɗakin da ake gani a intanet da manyan lambobi, sai mutum ya gangara ƙasan shafi zai same shi da ƙananan haruffa. A ganina wannan shi ne babban ramin da mutanenmu ke faɗawa, musamman masu zuwa cin amarci, domin sai mutum ya ga rangwame a kan ɗaki ya yi murna, daga baya ya tarar kuɗin kai shi da dawo da shi, shi da amaryarsa, ya kusa kamo kuɗin kwanakin gaba ɗaya. A kan wannan kuma akwai kashi 10 cikin ɗari na hidima, da harajin yawon buɗe ido, da harajin muhalli da ake lissafawa a kan kowane mutum a kowane dare.

Otal-otal da ke kusa da Male da jirgi mai gudu suke ɗauko baƙinsu, dare ko rana. Waɗanda suke nesa kuwa sai da jirgin sama mai sauka a kan ruwa, kuma shi ne abin da Maldif ta yi suna a kansa, har kamfanin Trans Maldivian Airways ya zama mafi yawan irin waɗannan jirage a duniya. Mu ba mu hau ba, amma ƙanena ya hau lokacin da ya je da iyalinsa, kuma mun sha kallon tashinsu da saukarsu. Jirage ne ƙirar Twin Otter masu farfela biyu, masu ɗaukar mutum kimanin 15, waɗanda a maimakon taya aka sa musu ƙafafu biyu masu kama da kwale-kwale. Matuƙansu da yawa ba sa sa takalmi a cikin jirgin, gajeren wando suke sawa, kuma fasinja yana hango su daga kujerarsa. Ana kayyade kaya zuwa kilo 20 da kilo 5 na hannu, abin da ya yi ƙasa da abin da manyan jirage ke bari, don haka wanda ya ciko akwatuna daga gida zai biya ƙari. A wasu wuraren jirgin yana sauka ne kusa da wani dandamali na katako da ke shawagi a tsakiyar ruwa, a sauke mutum a kai da kayansa, sannan jirgin ruwan otal ya zo ya ɗauke shi. Kuɗin zuwa da dawowa ɗaruruwan daloli ne ga mutum ɗaya. Babban sharaɗinsa kuma shi ne hasken rana, domin matuƙi da idonsa yake duba ruwan da zai sauka a kai, saboda haka jiragen ba sa tashi da dare. Rana a Maldif tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 a duk shekara, wanda jirginsa na ƙasa da ƙasa ya sauka bayan ƙarfe 3 da rabi kuwa yawanci sai ya kwana a Hulhumale, ko da ya biya ɗakin da ya fi kowane tsada a ƙasar. Ƙanena ya ƙara mini da cewa otal ɗinsu ya tura agogonsa gaba da awa ɗaya a kan na Male domin baƙi su sami dogon yammaci, kuma wasu otal-otal da dama suna yin haka, don haka duk lokacin da aka ce jirgi zai tashi ƙarfe kaza, sai mutum ya tambaya da wane agogo ake nufi. Haka ma lokutan salla.

Da kwanakinmu suka cika a Maafushi na dage cewa da jirgin fito za mu koma Male, kuma har yau ina ganin wannan awa ɗaya da rabi ita ce mafi daɗin tafiyar da muka yi a kan ruwa. Kamfanin MTCC ne ke gudanar da shi, kuɗin mutum ɗaya bai kai dala biyu ba, kuma da sassafe yake tashi. Jirgin irin wanda suke kira doni ne, mai faɗin ciki, da rufi a sama, gefensa a buɗe iska na shiga, da benci-benci a jere. Kafin mu shiga an riga an loda tukwanen gas marasa komai da za a je a cika, da kwalaye, da wani babur da aka ɗaure da igiya a jikin ƙarfe. Akwai wata tsohuwa da jikarta ke riƙe da ita, da alama asibiti za su, akwai ɗalibai da jakunkuna, akwai ma'aikata 'yan Bangaladash, waɗanda su ne ƙashin bayan aikin ƙarfi a ƙasar. Jirgin ya tsaya a tsibirin Gulhi, aka sauke kaya aka ɗauki mutane, babu gaggawa, babu hayaniya. Wani dattijo da ke kusa da ni ya buɗe ɗan ƙunshinsa, ya ɗauki yankakken ƙwallon da suke taunawa, ya naɗe shi a ganye da 'yar farar ƙasa da kanumfari, sannan ya miƙo mini wani. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, na tuna yadda dattawanmu ke ɓantaro goro su miƙa wa wanda suka zauna kusa da shi a mota. Ba mu da harshe ɗaya in ban da sallama da alhamdu lillahi, amma da na ce masa Najeriya sai ya gyaɗa kai ya dafa ƙirjinsa. Da muka zo mashigin nan da ya wahalar da mu ranar Juma'a, doni ya riƙa hawa igiyar ruwa yana sauka a hankali saboda nauyinsa da rashin gudunsa, maiɗakina kuwa har ta samu ta yi gyangyaɗi. Wanda yake da lokaci kuma yake tsoron jiri, shawarata ita ce ya nemi jadawalin jirgin fito ya gina tafiyarsa a kansa, ya kuma tabbatar da shi daga bakin mai masauki, domin wasu hanyoyin sau biyu ko uku kawai ake bin su a mako.

Wani abin da taswira ke ɓoyewa shi ne cewa kusan dukkan hanyoyi Male suke komawa. Mutum zai ga tsibirai biyu kusa da juna a takarda, ɗaya a wannan zobe ɗaya a wancan, ya ɗauka zai tsallaka da safe ya ci abincin rana a can, amma sai ya tarar babu jirgin da ke haɗa su, sai dai ya koma Male ya sake fitowa, ko ya yi shatar jirgi da kuɗi mai yawa. Gwamnati ta fara magance wannan da tsarin jirage masu gudu na jama'a mai suna RTL, wanda aka ƙaddamar a zobban arewa a 2022 aka kuma ci gaba da faɗaɗa shi, sai dai an tsara shi ne domin bukatun mazauna, kamar zuwa asibiti da makaranta da filin jirgi. Saboda haka wanda yake da mako ɗaya gara ya zaɓi zobe ɗaya ya zauna a cikinsa, ko biyu idan ya matsa, maimakon ya jera tsibirai biyar ya ƙare hutunsa a tashoshi.

Mu zobe na biyu da muka zaɓa shi ne Addu, can ƙarshen kudu, kuma zuwa can sai da jirgin sama na cikin gida. Kamfanin Maldivian na gwamnati yana da jirage masu farfela da ke zuwa filaye da dama a faɗin ƙasar, kuma su suna tashi da dare, abin da ya sa wasu otal-otal na nesa ke haɗa jirgin cikin gida da jirgin ruwa ga baƙin da suka makara. Ta haka ne ake zuwa Dharavandhoo a zoben Baa, kusa da Hanifaru, inda manyan kifayen nan masu faɗin fukafukai ke taruwa a watannin damina. Tafiyarmu zuwa Gan, tsibirin da filin jirgin Addu yake, ta ɗauki kimanin awa ɗaya da rabi, kuma ta tagar jirgi ne na ga zobban nan da kyau, ɗaya bayan ɗaya kamar an zube awarwaro a kan shuɗin mayafi, har muka tsallake layin da ya raba duniya biyu. Gan sansanin sojan saman Birtaniya ne har zuwa 1976, kuma a Addu ne kaɗai a duk tafiyarmu muka ga doguwar hanyar mota, wadda ta haɗa Gan da Feydhoo da Maradhoo da Hithadhoo a kan cikon da aka yi tsakanin tsibiran, tsawonta ya haura kilomita 10. Na yi hayar keke na bi ta da safe, teku a dama, teku a hagu, na tsaya a wani shagon shayi na karya da mas huni, wato kifin tuna da aka marmasa da kankararriyar kwakwa da albasa da barkono, ana ci da wata siririyar gurasa da suke kira roshi.

Duk wannan lissafi yana sauyawa da yanayi. Iska biyu ce ke mulkin shekara a can. Daga Disamba zuwa Afrilu iskar arewa maso gabas ce, wadda suke kira iruvai, sama tana washewa, teku yana kwanciya, farashi kuma yana hawa. Daga Mayu zuwa Nuwamba iskar kudu maso yamma ce, hulhangu, mai zuwa da ruwan sama da igiyar ruwa, kuma a lokacinta ne ɗakuna ke araha amma ake yawan jinkirta jirage ko soke su. Hukumar kula da yanayi takan fitar da gargaɗi mai launi-launi, kuma idan ya yi tsanani ƙananan jirage ba sa fita, komai roƙon fasinja. Ina ganin wannan tsaurin abin yabo ne, musamman ga wanda ya san yawan rayukan da muke rasawa a kogunanmu saboda lodi fiye da kima da tafiyar dare da rashin rigar kariya.

A gaɓar Hithadhoo ne wata safiya maiɗakina ta sunkuya ta ɗauko wani ɗan abu fari mai tsaga a ciki, ta ce, "Maigida, dubi wuri, irin wanda Kaka take ɗinkawa a jikin faifai." Wuri ne kuwa. Shekaru aru-aru tsibiran nan su ne babbar mahaƙar wurin da duniya ta yi ciniki da shi. Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Maroko wanda ya zauna a Male har ya yi alƙalanci a wajen 1343, ya ga yadda ake tara shi, daga baya kuma ya same shi ana saye da sayarwa da shi a Mali da Gawo. Jiragen ruwa masu tafiya da iska ne ke kwashe shi zuwa Bengal da Yaman, daga baya Turawa suka riƙa kai shi ƙasashensu suna sake lodo shi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, daga can fatake suka hauro da shi har kasuwannin ƙasar Hausa, inda jam'insa ya zama kalmar kuɗi da muke faɗa kullum, kuma har yau idan ana maganar tsabar kuɗi mukan ce wuri na gugar wuri. Tafiyar da ke ɗaukar wannan ɗan abu watanni masu yawa, yana jiran iska ta juya kafin jirgi ya ɗaga, ita ce muka yi cikin kwana ɗaya da 'yan awoyi. Mai masaukinmu ya riga ya gaya mana cewa ba a son baƙi su kwashi abin da ke gaɓa, saboda haka ta juya shi a tafin hannunta, ta ɗauki hotonsa, ta mayar da shi kan yashi.

Jirginmu na komawa Doha na safiyar Lahadi ne, amma tun ranar Asabar da hantsi muka baro Gan, muka sake kama ɗaki a masaukin nan na Hulhumale da ya karɓe mu a daren farko, domin ban yarda in bar teku ko jirgin cikin gida tsakaninmu da jirgin gida a ranar tafiya ba. Da yamma muka fita bakin ruwa ta ɓangaren da ke kallon filin jirgi, muka zauna muna kallon jirage masu sauka a kan ruwa suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya taɓa ruwan ya bar farin layi a bayansa, suna rige-rige da rana. Na ƙarshe ya sauka sararin sama ya riga ya yi ja, ba a jima ba aka kira magariba daga masallacin unguwar, muka tashi muka kakkaɓe yashi daga tufafinmu.